Tsokar da Aka Ƙwace wa Mamani

Cibarakaten, 3 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Haula,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Saminu da yara. Ni lafiyata lau, ban da ciwon baya na duƙawa bisa injinan masu haƙar zinariya, wanda ya riga ya zama abokin zama. A nan babu rezon waya sai wayar tauraro da ake bi wa layi, kuma abin da ke bakina ba na faɗi gaban mutane ba ne. Shi ya sa na ɗauki biro.

Jiya Hama direba ya iso da kamyon gero daga gida. Ya nuna mini hoton bikin sunan ɗiyar Samba a wayarshi. Na bi mutanen da ke bisa tabarma ɗaya bayan ɗaya, na ce mishi, "Baba bai je ba ne?" Sai ya aza yatsa bisa wani tsoho mai wuya kamar na zalɓe, riga tana rataye a kafaɗarshi kamar an shanya ta a danga. Haula, ban gane ubana ba. Mamani na Tarka, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana kokawa, wanda ni da ke muke lilo a damtsenshi lokaci guda!

Da hoton ne kaɗai, da na ce tsufa ne. Amma Hama ya ce yana wurin, da idonshi ya gani. An kawo naman suna, Baba ya ɗauki tsoka guda, kinka fito daga wajen mata kinka cire ta daga hannunshi gaban maza. Ya ce tsohon ya bi hannunki da kallo, kana ya shafe yatsunshi a gwiwa.

Da Inna ta rasu na yarda Baba ya koma gidanki, don an ce ɗiya mace ta fi tausayi. Wanga ne tausayin? In tukunyar Saminu ta yi muku kaɗan, ai sai ki faɗa mini. In gajiya kinka yi, shi ma ana faɗi, ba abin kunya ba ne. Amma a bar mutum kamar Baba ya bushe da yunwa cikin garin da kowa ya san sunanshi?

Ki amsa mini ta hannun Hama. Ni kuma ba zan naɗe hannu in zauna ba.

Yayanki,
Zakiru

*

Dakoro, 15 ga Oktoba

Yaya Zakiru,

Wa alaikumus salam. Yara lafiya, Saminu yana Mai Yara wajen yankan gero, ni kuma an koma lakwal, yara sittin da huɗu gare ni a aji bana. Allah ya sawwaƙe ciwon baya.

Takardarka ta zo. Na karanta ta sau ɗaya a tsaye, na zauna na sake karantawa, don ban yarda hannunka ne ba.

E, na ƙwace. Hama bai yi ƙarya ba. Sai dai Hama ya ga minti guda, ni kuwa wata huɗu nake ciki. Shin ya faɗa maka wa ke riƙe wa Baba tasa in yana amai? Ya faɗa maka sau nawa na kai shi Maradi? Yunwa! A gidana, inda ba a zuba wa yarana tuwo sai an ɗebe nashi?

Tun watan shida ƙafafunshi sunka fara kumbura, jikin kuma yana zubewa. Majo, babban ma'aikacin likitar nan, ya ce mu je Maradi. Anka ɗebi jini da fitsari, anka ce ƙodarshi ce duka biyu sunka gaji. Shi da bakinshi ya hana in rubuto maka. Ya ce, "Yaron nan yana cikin rami da duwatsu, kar a raba mishi hankali." Na bi maganarshi, ga sakamakon da na samu.

Tunda tambaya kake, saurara. Lokotoron mace ce, sunanta Sharifa. Da ta ji ni malamar lakwal ce, sai ta juya takardar analiz, wato sakamakon gwajin jinin, ta zana mini a bayanta. Ta ce tsokar mutum da wani abu anka gina ta, furotin, kuma ba gini ba ne na sau ɗaya a gama. Ƙananan ƙwayoyin da sunka haɗu sunka yi jiki kullum cikin rushewa da sake gini suke. In furotin ya tsufa ko ya lalace, ƙwayar sai ta liƙa mishi 'yar alama, kamar yadda mahauta ke shafa wa rago fenti a kasuwa don a san na yanka ne. Duk mai alama sai a tura shi cikin wani ɗan inji da ke cikin ƙwayar, ya niƙe shi, a kwashe garin a gina sabo. Ga mai lafiya, abin da anka rushe da abin da anka gina daidai suke tafiya. Ta ce ba don wannan niƙan ba ma, da ruɓaɓɓen ya taru ya kashe mu.

To ƙodar Baba ba ta tace jini yadda ya kamata. Tsami ya taru a jinin, tsamin kuma shi ke rikita ƙwayoyin, su yi ta shafa alama ga lalatacce da mai kyau, injin kuwa ba ya tambaya, abin da anka ba shi yake niƙewa. Ana cin Baba ne daga ciki, Yaya, ba daga tukunyata ba. Na ce mata, "To in dinga ba shi nama da yawa ya mayar." Ta kama hannuna ta ce, "Shi ne abin da ba za ki yi ba. Nama in ya yi yawa, tsamin yake ƙarawa, ya bar dattin da ƙodar ba ta iya fitarwa." Ta auna mini da rabin tafin hannuna, sau biyu a mako. Gishiri kaɗan, babu maggi, babu kanwa. Ta rubuta mishi farar ƙwaya mai kashe tsamin, safe da yamma.

Mutumin da ya taɓa kai kilo casa'in da huɗu, a watan shida hamsin da takwas ya auna. Tun da munka kama wagga hanya, hamsin da takwas ɗin yake, bai ragu ba. Kai abin kuka ka gani a hoto. Ni kowane kilo da ya tsaya na san guminshi.

Ranar sunan kuwa, ya riga ya ci rabonshi da safe, kuma naman ya sha gishiri da yaji. Abin da ya faru ke nan.

Shekara uku rabonka da Dakoro. Da ka tambaya kawai, da na amsa da daɗin rai.

Ƙanwarka,
Haula

*

Dakoro, 21 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ka, don Inna ta koya mana ba a fara magana babu gaisuwa. Lafiya kuwa kar ka tambaye ni.

Ashe ranar da ka rubuto mini, biyu ka rubuta. Ashe tambayar da ka yi mini ta banza ce, ka riga ka yanke hukunci.

Ranar Talata ina aji, maƙwabciyata Rahma ta shigo babu ko sallama ta ce in zo gida. Na tarar da mutane cike a ƙofa. Baffa Abarci, ƙanen Baba, ya zo daga Azagor da mota da takardarka. Ka san ba ya karatun boko, sai ya ba Elhaji mai shago ya karanta mishi, shi kuma ya karanta da muryar da yake kiran salla. Rahma ta maimaita mini kalma kalma: "Haula ta mai da ubanmu maraya a gidan miji. Ka ɗauke shi ka kai shi cikin dabbobi, ya sha nono ya ci nama." Mata masu ɗibar ruwa sun ji. Uwayen yaran da nake koyarwa sun ji.

Kafin in iso motar ta tashi. Na shiga ɗakinshi, ga tabarma, ga buta, ga kwanon maganinshi a inda na aje shi da safe.

Na aika anka kira Saminu daga gona. Mutumin nan da ka ce tukunyarshi ta yi kaɗan, ya bar geronshi a yashe ya hau moto da maganin har Azagor. Anka ce mishi Baffa ya tashi da raƙuma sun yi wajen Tagriss bin ciyawa, ba wanda ya san rijiyar da sunka sauka. Kwana biyu yana yawo cikin daji. Ya bar maganin wajen wani mai shago ko za su leƙo ranar kasuwa, ya dawo da zazzaɓi.

Jiya a kasuwa mai nama ya ce mini, "Madam, yau an samu sauƙi, sai a ci da yara." Mutane sunka yi dariya. Na aje kwandona na dawo gida.

Wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ba zan iya ba shi ne, yau kwana shida Baba bai sha farar ƙwayar nan ba. Kai ne kake da wayar tauraro. Ka nemi Baffa ka ce ya dawo da shi. Ba roƙonka nake ba.

Haula

*

Cibarakaten, 2 ga Nuwamba

Haula,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Ki gai da Saminu da jiki, na ji wahalar da ya sha, ko da yake ba ni na aike shi ba.

Takardunki biyu tare sunka zo. Na karanta darasin da kinka ba ni, Madam. "Ana cin Baba daga ciki." Da na zo kan wannan layi sai na aje takardar. Yanzu kuma mayu za mu aza wa laifin? Ke da kike koya wa yaran mutane? Ki sa wa abin sunan Faransanci ko na Hausa, magana ɗaya ce: wani abu da ba a gani shi ke cin mutum, mai tukunya ba ta da laifi.

Kuma ni za a koya wa inji? Shekara tara ina kwance inji ina ɗaurawa. Ban taɓa ganin wanda anka gyara ta hanyar hana shi man gazuwal ba. Jikin da anka gina da nama da fura, a ce a auna mishi rabin tafin hannu kamar yaye? Baba a zamaninshi ƙafar rago yake tashi da ita shi kaɗai.

Ban ce a karanta takardata a ƙofar gida ba, wannan kam kuskuren Baffa ne, kuma bai yi mini daɗi ba. Amma ke ma ba cikin ɗaki kinka ƙwace naman ba.

Ga labarin da kike so. Na samu Baffa ta waya ranar kasuwar Tagriss. Ya ce Baba yana shan nonon raƙumi safe da yamma, da cuku, da busasshen nama, sun yanka mishi ɗan akuya har sau biyu. Ya ce suna jiƙa mishi kanwa don wanke ciki. Ranar Juma'a har ya miƙe ya yi wa makiyaya kirarinshi na da, sunka yi ta ihu. Kuma ki ji wannan da kyau: Baffa ya ce fuskarshi ta cika, zoben azurfar nan da ke zamewa yanzu ba ya ko juyawa, takalminshi ma ya matse shi. Mako biyu kacal, Haula. Abin da lokotoronki ta kasa a wata huɗu.

Ban ce a dawo da shi ba, kuma ba zan ce ba. In ya ƙara murmurewa ya dawo, ki gan shi da idonki, sai mu yi magana a kan wanda ya kamata ya ba wani haƙuri.

Zakiru

*

Maradi, 14 ga Nuwamba

Yaya Zakiru,

Bayan gaisuwa, daga likitar Maradi nake rubuto maka, bisa gwiwata. Baba yana da rai. Na fara da wannan don kar hankalinka ya tashi.

Takardarka ta same ni a nan, Rahma ta aiko mini. Da na zo wajen zobe da takalmi sai na fita waje na yi kuka, don da ta iso ni da wuri da na san abin da ke nan tafe. Ruwa ne, Yaya. Ƙibar da kuke murna da ita ruwa ne da ƙodar ta kasa fitarwa.

Ranar takwas ga wata Baffa ya kawo shi Dakoro kwance a bayan mota. Idanunshi sun rufe don kumburi. Na danna ƙaurinshi da yatsa, ramin ya tsaya bai dawo ba. Yana shaƙuwa, yana amai, numfashi yana yi mishi wuya. Na ce, "Baba, ni ce." Ya dube ni ya ce in ce wa makaɗa su jira shi, bai gama ɗaura laya ba. Majo ya ce kar mu tsaya, anbilans ta kawo mu nan. Zoben nan sai da anka yanke shi da almakashin ƙarfe.

Lokotoro Sharifa ta duba analiz, ta dube ni. Ni na ce mata, "Ba ni ba ce." Kwana biyar suna janye ruwan. Jiya anka aza shi bisa sikeli: hamsin da biyu. Ƙarƙashin kumburin, injin nan da ka yi wa ba'a bai huta ba ko yini ɗaya. Kilo shida cikin mako uku, kuma ta ce a shekarunshi tsokar da ta tafi da wuya ta dawo.

Ban taɓa ce maka mayu ba. Na rubuta maka shafi guda, ka tsinci layi ɗaya wanda zai ba ka gaskiya.

Baffa yana nan waje gindin itacen bedi, ya ƙi cin abinci. Na yi niyyar wanke shi tas, sai na tarar da tsoho yana kuka da rawani a baki, yana cewa, "Mafi kyawun abin da nake da shi na ba shi." Sai na juya na koma ciki.

Akwai wani abu kuma, zan faɗa maka don ni ba na tsintar layi. Shekaranjiya Baba ya farfaɗo sosai. Ya ji ina faɗa, ya ce, "Haula, bar Abarci. Ba ɗaure ni anka yi ba. Na ga kwanon maganin, ni na tsallake shi." Na ce, "Don me, Baba?" Ya ce, "Ranar sunan nan, da kin zo kin raɗa mini a kunne, da na aje. Cikin mutanen da ke tabarmar akwai uku da na taɓa kayarwa."

Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya dafa kaina. Wannan tsakanina da shi ne. Kar ka ɗauka ka yi zani da shi, bai rufe laifinka ba.

Lokotoro ta ce abin da ya rage shi ne wankin ƙoda da inji, sau biyu kowane mako, har iyakar rai, kuma sai ya bar Dakoro. Baba ya ce zai yi tunani.

Haula

*

Cibarakaten, 25 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Yaya jikin Baba? Yaya naki?

Na ɗauko takardarki ta farko na karanta tun daga sama har ƙasa, abin da ban yi ba a da. Na kai wa wani ma'aikacin lafiya ɗan Agadas da ke duba masu haƙa a nan, na karanta mishi, har da tawa amsar. Da na zo wajen kanwa da takalmi ya dafe kai. Ya ce, "Ƙanwarka ta riƙe shi wata huɗu da hannu ɗaya." Ban iya kai loma baki ba ranar.

Haushi nake ji, kuma ban san inda zan kai shi ba. Na ji haushin Hama da wayarshi, na ji na Baffa, na ji na Baba da ya hana a faɗa mini. Duk na zagaya na dawo kaina. Ni na rubuta. Ba wanda ya riƙe mini biron.

Ga wata takarda a ciki, ki ba Elhaji mai shago ya karanta a ƙofar gidanki da muryar nan tashi. Na rubuta cewa ƙarya na yi miki, kuma ina neman gafarar Saminu.

Na miƙa wa abokin aikina injinan. Kamyon Hama zai tashi ranar biyar ga wata mai zuwa, ina ciki. Ki ce wa Baba ya yarda da wankin, duk garin da za a kai shi ni zan zauna da shi.

Yayanki mai laifi,
Zakiru

*

Dakoro, 6 ga Disamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Zan ba direban da ke zuwa Agadas wagga takarda, ya jira kamyonku a tasha. Yara suna ta tambaya yaushe za ka iso. Saminu ya warke, ya ce shi ba ya riƙe da kowa. Ni ban kai nan ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba.

Takardar Elhaji tana cikin akwatina, ban ba shi ba. An karanta ni sau ɗaya a ƙofar gida, ya isa. In ka zo ka tsaya da ƙafarka ka faɗa da bakinka, kana ka bi ta wajen mai nama.

Mun dawo gida ranar Litinin. Baba ya ƙi wankin. Na yi magana, lokotoro ta yi, Baffa ma ya yi. Ya ce ya ji, ya gode, amma ba zai ƙare kwanakinshi a garin da ba wanda zai wuce ya ce "Na Tarka, ina kwana" ba. Maganinshi yana sha da kanshi, shi ke tuna mini ma. Naman kuwa na daina aunawa. Nakan aje mishi, shi ya yanki rabin tafin hannun ya ture sauran. Lokotoro ta ce watanni ne, ba ta faɗi nawa ba.

Abin da ya dame ni, ba ya iya tashi daga tabarma. Ya hana Saminu ya taɓa shi, ya ce suruki ba ya ganin wannan. Ni ma ya hana in ɗauke shi, sai dai in ja shi bisa bargo zuwa inuwa, in ja shi in mayar. Bayana ya fara irin naka.

Na ce mishi ina rubuto maka. Ya ce in rubuta wannan yadda ya faɗa, kar in gyara:

"Zakiru, ka bar kukan, laifi an raba shi uku kowa ya ɗauki nashi. Ka zo da wuri. Tun da na fara shiga fili ba namijin da ya taɓa raba ƙafafuna da ƙasa. Yanzu dole a ɗauke ni, kuma ba na son ya zama wani."

Ruwan wankanshi da hantsi ake ɗorawa. In kun iso kafin azahar, kar ka tsaya gaisawa da kowa a tasha.

Ƙanwarka,
Haula